Ranar Da Na Koya Wa Tirela Ƙarya

Ban taɓa kiran kaina mai wayarin ba, amma na daɗe ina ɗaukar kaina mutumin da idan ya ga an yi abu sau ɗaya to ya iya shi, kuma wannan zato ne ya kwantar da ni a ƙarƙashin a-kori-kurata wata safiya, filaya a hannu, salatif a aljihu. Dalilin shigata wannan hidima wata tirela ce da na saya, irin mai dogon wuyan nan da ba a ɗaure ta a bamba, sai dai wuyan ya tsallako ƙofar bodi ya sauka a kan wani dunƙulen ƙarfe da aka kafa a tsakiyar bodin, daidai saman tayoyin baya. Motar tana da soket ɗin tirela tun daga kamfani, amma yana can ƙasa kusa da bamba, saboda haka igiyar wutar tirelar sai ta rataya ta kan ƙofar bodi tana goge fenti, kuma duk kwanar da aka sha sai ta miƙe kamar za ta tsinke. Maganin wannan sananne ne, wato a kafa soket na biyu mai baki bakwai a jikin bangon bodin daga ciki, a jawo masa wuta daga na farko.

Akwai igiya haɗaɗɗiya da ake sayarwa domin wannan aiki, wadda ake cusa kanta tsakanin soket ɗin kamfani da wayoyinsa ba tare da an yanke ko da zare ɗaya ba. Na gan ta, na juya ta a hannu, na yanke hukuncin cewa kayan ragwaye ce. Na sayi soket tsiransa da wayoyi, na kuma gayyato ƙanena domin ya riƙe mini fitila, ko da yake a zuciyata na gayyato shi ne domin a sami shaida.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru masu yawa yana gyaran wutar mota kafin idonsa ya fara gajiya. Da ya ga na fito da injin huda ƙarfe sai ya jawo kujera ya zauna a inuwa. Na gaishe shi, ya amsa, sannan ya ce, "Ɗana, ka cire kan batir?" Na ce, "Baba, ai ƙaramin aiki ne." Ya ce, "To, madalla," ya gyara zama irin na mutumin da ya sami abin kallo kyauta.

Aikin farko shi ne huda ramin da soket zai zauna, mai faɗin wajen milimita 54, da wani zarto mai kama da kofi wanda yake da siririn ƙarfe a tsakiyarsa, shi ne yake fara shiga ya riƙe masa hanya. Na auna daga sama, na auna daga gefe, na yi alama da fensir, har na ja baya na dubi alamar da ido ɗaya kamar yadda na ga masana suna yi. Abin da ban auna ba shi ne abin da yake bayan bangon. Bangon bodi ninki biyu ne, akwai ƙarfen ciki, akwai na waje mai fenti wanda duniya take gani, kuma ratar da take tsakaninsu ba ɗaya ba ce a ko'ina. Ni kuwa sai na zaɓi wurin da suka fi kusa da juna. Zarton ya ci ƙarfen ciki da kyau, na danna da ƙarfina domin in ƙarasa, injin ya zurma gaba ɗaya, sai na ji muryar ƙanena daga waje cikin ladabi yana cewa, "Yaya, wannan ɗan ƙarfen da ya leƙo ta nan, cikin tsarin aikin yake?"

Na ce masa ramin fitar ruwa ne. Dattijon ya yi tari.

Daga nan na shige ƙarƙashin mota, na gano damin wayoyin da suke zuwa soket ɗin kamfani, na fara fere su ɗaya bayan ɗaya. Na bar makulli a kunne domin rediyo ya ɗebe mini kewa, ban kuwa tuna ba cewa ɗaya daga cikin bakwai ɗin, baƙar, aikinta shi ne kai wutar batir kai tsaye zuwa tirela, kuma da makulli a kunne tana ɗauke da wuta. Tsirarar bakinta ya taɓa ƙarfen mota, tartsatsi ya tashi a gaban hancina, na zabura na gwara goshina da salansa, fis ya ƙone. Wannan shi ne amfanin fis, ya mutu domin waya ta rayu, kuma na yi masa godiya bayan na gama ganin taurari. Na fito na cire kan batir a hankali, ina yin kamar dama lokacin da na tsara yin hakan ke nan.

Yanzu sai babban aiki, wanda a ganina shi ne mafi sauƙi. Baki bakwai, aiki bakwai: sigina da birki na hagu a waya ɗaya, sigina da birki na dama a wata, ƙananan fitilun dare, fitilar ribas, birkin lantarki na tirelar kanta, wutar batir, sai kuma farar waya wadda a lokacin na ɗauka cikon lissafi ce. A bayan sabon soket ɗin an rubuta sunan launi kusa da kowane baki, wayoyin motar kuma kowace da launinta. Na ce wa ƙanena ko yaron da bai shiga makaranta ba zai iya wannan, kore ga kore, rawaya ga rawaya, mai ruwan ƙasa ga mai ruwan ƙasa, shuɗiya ga shuɗiya, baƙa ga baƙa, fara ga fara. A ƙarshe waya ɗaya ta rage mini, shunayya, baki ɗaya kuma ya rage, wanda aka rubuta masa ja. Na tsaya na yi nazari irin na masu zurfin tunani, na ga cewa a cikin launuka shunayya ba ta da dangi mafi kusa da ja, na ɗaura musu aure. Farar wayar kuwa na ga doguwar hanya ce a kai ta har wurin 'yar'uwarta, sai na ɗaure ta da sukuru a jikin bodi, a kan fenti mai sheƙi, na wuce.

Na mayar da kan batir, na sa sabon fis, na matso da motar gaban tirela, na cusa fulogi, na tura ƙanena baya ya faɗa mini abin da yake gani. Na kunna siginar dama. Shiru, sannan ya ce, "Yaya, duk ƙananan fitilun jikinta suna ƙiftawa, hagu da dama, har na gefe." Na kunna ta hagu. Ya ce, "Yanzu fitilun ribas ne suke ƙiftawa." Na kunna fitilun dare, ya ce fitilar birki ta dama ita kaɗai ta kama ta tsaya cak. Na sa giyar ribas, ya ce ta hagu ta kama. Da na taka birki kuwa, sai tirelar ta sanar da duk wanda yake bayanta cewa dare ya yi kuma za ta ja da baya. Babu umarni ɗaya da na ba ta da ta ƙi amsawa, kuma babu amsa ɗaya da ta bayar wadda take gaskiya.

Na zargi tirelar, na zargi wanda ya sayar mini da ita, na zargi idon ƙanena, har na sauko na sa shi ya shiga mota ni na koma baya, na ga abin da idona, ya ma fi yadda ya faɗa muni. A nan ne dattijon ya miƙe, ya shiga gida, ya fito da wani abu mai kama da sukundireba, da ƙwan fitila a cikin mariƙinsa da 'yar waya mai maƙali a gindinsa. Ya ce, "Ɗana, waya ba ta san launin rigarta ba. Tambayarta ake yi."

Ya maƙala wayar a ƙarfen mota, ya sa ƙanena ya riƙa kunna abu ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa kowace waya da tsinin yana duba wadda za ta kunna ƙwan. Yana yi yana bayani, ni kuma ina gyaɗa kai kamar mai tabbatar da abin da ya riga ya sani. Ashe tsarin launin ba ɗaya ba ne. Wayoyin motata suna bin tsarin da rawaya take nufin hagu, kore dama, mai ruwan ƙasa fitilun dare. Rubutun da yake bayan soket ɗin kuwa na wani tsari ne da ake amfani da shi a tirelolin da ake kwana a cikinsu, inda ja take nufin hagu, mai ruwan ƙasa dama, kore fitilun dare, rawaya kuma bakin tsakiya na ribas. Launi uku kaɗai suka yarda da juna a tsarin biyu, fara da shuɗiya da baƙa, kuma su kaɗai na haɗa daidai, ba don sanina ba. Ya ƙara da cewa a Turai ma wani tsarin ne dabam, har da soket mai baki 13, kuma wanda ya dubi zanen soket daga gaba alhali yana aiki daga baya, hagunsa zai koma dama. Wannan kuskuren na ƙarshe shi kaɗai ne ban samu damar yi ba.

Na kwance waya huɗu na mayar da kowace gidanta. Salatif ɗin da na nannaɗe mahaɗan da shi ya sa na warware, ya ce ruwa da zafi za su kwance shi kafin shekara ta zagayo, ya sa na matse kowace mahaɗa da ƙarfen matsewa na rufe da robar nan da take tsukewa idan ta ji zafi. Ya sa na nisanta igiyar daga salansa, na kuma sa zoben roba a inda take ratsa ƙarfe domin kada kaifin ya yanke ta. Na yi duk wannan ba musu, domin goshina yana tuna mini da matsayina.

Muka sake gwadawa. Siginar dama ta kama a dama, amma da wani haske mai rauni kamar na mai jinya, kuma kowace ƙiftawa sai ƙananan fitilun su amsa mata a hankali. Da aka kunna fitilun dare aka taka birki, sai duk suka dushe tare. Na buɗe baki zan sake zargin tirelar, sai na tuna yadda ta kaya a karon farko, na rufe. Na ce bari in ɗaura tirelar a kan dunƙulen ƙarfen in gani. Wuyan yana sauka, komai ya gyaru, fitilu tar, kowace a kan aikinta. Na juyo na dubi mutanen biyu da fuskar wanda gaskiyarsa ta fito.

Dattijon bai ce komai ba, ya kama gefen tirelar ya girgiza ta, fitilun suka yi ta ɗaukewa suna dawowa. Ya ce, "Ina ka kai farar?" Na nuna masa sukurun da alfahari, domin a duk aikin ranar babu abin da ya kai shi tsabta. Ya ce wuta ba ta tafiya sai ta san hanyar komawa batir, kuma farar waya ita ce hanyar komawar dukkan sauran shidan, har da birkin tirelar, shi ya sa ake yi mata waya mai kauri. Fenti kuwa ba ya wuce da wuta. Da na toshe mata ƙofa, sai ta riƙa bi ta cikin wasu ƙwayayen fitila tana neman mafita, shi ne raunin hasken da muka gani. Da na ɗaura tirelar kuma, sai ta samu ta bi ta dunƙulen ƙarfen, wanda yake da maiko kuma yake motsi a kowane rami na hanya. Na yi tunanin tirela mai nauyi a gangare, da birkin da yake kamawa idan ya ga dama, sai dariyar da nake shirin yi ta koma ciki.

Ya ba ni takardar goge ƙarfe. Na koma ƙarƙashin mota karo na ban san adadi ba, na kankare wani wuri a jikin shasi har farin ƙarfe ya fito, na ɗaure farar da noti, na shafe wurin da maiko saboda tsatsa. Aikin bai ɗauki minti goma ba. Muka ɗage wuyan tirelar daga dunƙulen domin kada ya sake rufa mini asiri, muka gwada kowace fitila sau biyu, ƙanena yana kiran sunayensu daga baya da murya mai ƙarfi fiye da yadda ake buƙata, kuma a karon farko tun safe tirelar ta faɗi gaskiya.

Saura ramin waje. Na shafa masa fenti a gefe, na toshe shi da 'yar baƙar roba, kuma ya zauna daidai inda idon duk mai wucewa yake sauka. Mutum uku sun tambaye ni amfaninsa a makon farko, na ce wa kowannensu ramin fitar ruwa ne. Na ukun ya daɗe yana dubansa, sannan ya tambaye ni ko zan iya huda masa irinsa a tasa motar, kuma kafin in buɗe baki ƙanena ya riga ya gaya masa cewa Yaya ba ya ma buƙatar awo.