A kira mai ƙididdiga tun kafin a auna yaro ko ɗaya

Lokacin kare kundin kammala karatu ya sake ƙaratowa a Damagaram, kuma kamar kullum, yanzu ne za a fara neman masanin ƙididdigar lafiya ruwa a jallo. Ɗalibi ya kwashe wata shida yana cika takardu a ɗakin yara, saura mako biyu ya tsaya gaban malamai, sai ya ɗauko tarin alƙaluma ya ce a fitar masa da "p", wato lambar da idan ta fito ƙasa da 0,05 ake cewa sakamakon ba dace ba ne kawai. Ra'ayina shi ne an makara. Aikin mai ƙididdiga kashi mafi tsoka yana gaban tattara bayanai, kuma rayuwar mutum ɗaya ta isa hujja.

Douglas Altman ɗan Ingila ne, an haife shi a 1948, ya rasu a 2018. Bai taɓa duba majinyaci ba, ƙididdiga ya karanta a Jami'ar Bath. A 1995 ya kafa cibiyar ƙididdigar likitanci a Oxford, ya kuma daɗe yana babban mai ba mujallar likitanci ta BMJ shawara kan alƙaluma. A 1994 ya rubuta wata gajeriyar maƙala a mujallar, inda ya kira raunin binciken likitanci abin kunya, ya ce abin da ake buƙata shi ne a rage yawan bincike, a kyautata shi, a kuma yi shi don dalilin da ya dace. Dalilinsa a fili yake: likitan da ya ba da maganin da bai dace ba kowa zai ce ya yi laifi, amma mai binciken da ya yi amfani da hanyar lissafin da ba ta dace ba, sai a buga aikinsa a ƙara masa girma.

Aikinsa da ya fi zagaya duniya shi ne wanda suka buga da Martin Bland a mujallar Lancet a 1986. A 2014 mujallar Nature ta sa shi cikin maƙaloli 100 da aka fi ambata a duk fannonin kimiyya. Abin da ke ciki kuwa ko ɗan sakandare zai gane.

A ce kana son sanin ko ƙaramar na'urar awon jini ta HemoCue da ke wata cibiyar lafiya (CSI) a Mirriya tana ba da amsa ɗaya da babban injin ɗakin gwaji. Abin da aka saba yi shi ne a lissafa korelasiyon, a sami 0,95, a ce madalla sun yi daidai. Ba su yi ba. Sikelin da ke ƙara kilo 2 a kan kowa zai ba da korelasiyon 1 cif idan aka gwada shi da sikeli mai kyau, alhali duk wanda ya hau an yi masa ƙarya. Korelasiyon na nuna cewa ma'aunai biyu na hawa da sauka tare, ba ya faɗin nisan da ke tsakaninsu. Hanyar Bland da Altman ita ce a auna kowane yaro da na'urori biyun, a cire amsar ɗaya daga ɗaya, a zana wannan bambanci a kan matsakaicin amsoshin biyu. Sannan a fitar da matsakaicin bambancin, a ƙara masa ma'aunin warwatsuwa (yadda bambance-bambancen suka bazu kewaye da matsakaicinsu) sau 1,96, a kuma rage. A ce ƙaramar na'ura ta fi da 0,2 a matsakaici, warwatsuwa kuma 0,7. Iyakokin za su kama daga ragin 1,2 zuwa ƙarin 1,6. Ke nan yaron da jininsa yake 4,2 na iya fitowa 5,8. A watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje, wannan tazarar ce ke raba yaron da aka tura a ƙara masa jini da wanda aka sallama gida. Lissafi ya ba da iyakokin, likita ne zai ce ko za a iya zama da su, kuma dole ya faɗi haka kafin a ga sakamako.

Sai batun mutum nawa za a ɗauka. Kusan kowane kundi za ka tarar da 384 a cikinsa. Lambar ta fito ne daga ɗaukar cewa cutar ta kama rabin jama'a, da yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100. Lissafin daidai ne, amma da sharaɗin an zaɓi kowane mutum da ƙuri'a daga jerin sunayen kowa da kowa. Wa ke da irin wannan jeri a Magariya ko Tanut? Ƙauyuka ake zaɓa, sai a auna yara 30 a kowane. Yaran ƙauye ɗaya kuwa rijiya ɗaya suke sha, damina ɗaya ta yi masu kyau ko ta ƙi, don haka yaro na talatin ba ya kawo sabon labari kamar na farko. Idan kamannin da ke tsakaninsu 0,05 ne, sai a ninka shi da 29 (yara 30 ban da ɗaya) a ƙara 1, a sami 2,45, a ninka adadin farko da shi. Wato 384 ta koma kusan 941. A ware kashi 10 na waɗanda ba za a tarar a gida ba, an haura 1.000. Wanda ya tsaya a 384 zai fitar da tazarar amincewa, wato iyakokin da ake sa ran amsar gaskiya na ciki, matsattsiya, ya yi ta murna, alhali ƙarya ce. Wannan ba ya gyaruwa bayan an dawo daga daji, sai dai a faɗi gaskiya a rubuce.

Da irin wannan lissafi aka gina gwajin MORDOR, wanda aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya. A nan gida a Boboye da Loga na jihar Doso aka yi shi. Garuruwa aka raba da ƙuri'a, wasu aka ba yaransu ƴan wata 1 zuwa 59 azitiromaisin sau biyu a shekara, wasu aka ba su mai kama da shi marar magani. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 13,5 a ƙasashen uku, da kusan kashi 18 a Nijar. Da an yi lissafin kamar kowane yaro zaman kansa yake, da babu wanda zai yarda da lambar.

Wata cuta kuma ita ce farautar p. A gwada abu 20 da babu ruwansu da cutar, yiwuwar p na aƙalla ɗaya ya fito ƙasa da 0,05 ta kai kashi 64 cikin 100. Shi ya sa ake rubuta babbar tambaya guda da yadda za a lissafa ta tun kafin a buɗe bayanai. Ƙa'idar CONSORT, wadda ta fara fitowa a 1996 kuma Altman na cikin jagororin sabunta ta, tana tilasta wa mai gwaji ya faɗi yadda aka yi ƙuri'a, mutum nawa suka shiga, nawa suka ɓace a hanya. Mai binciken da ya dogara da rajistar asibiti kuwa STROBE ce tasa, ta 2007, mai tambaya 22.

To da me ake auna aikin mai ƙididdiga irin Altman? Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 yana ƙirga ambato kawai: h 20 na nufin maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ba ya ganin binciken banza da aka hana yi, ko gwajin da aka ceto tun a takarda. Wajen ƙarin girma kuma ana duba matsayin suna a jerin marubuta, shi kuwa mai ƙididdiga yawanci a tsakiya yake, wani lokaci ma a layin godiya. Malamanmu masu jagorantar kundi, Allah ya ƙara maku lafiya, wanda ya tsara bincike ya kuma yi lissafinsa ya karanta rubutun ya amince, marubuci ne.

Ku kuma ƙannena ɗalibai na Jami'ar André Salifou, ku je wurin mai ƙididdiga da tambaya ɗaya a rubuce da takardar tambayoyin da ba a cika ba tukuna. Ku gwada ta a kan mutum 20 ku dawo. A Excel, layi ɗaya mutum ɗaya, kada a haɗe gidajen teburin, kada launi ya zama bayani. Shekarun yara a rubuta su da watanni daga farko har ƙarshe. Inda babu amsa a bar gidan fayau, domin 999 da aka sa a madadin amsa aka manta da ita tana mayar da matsakaicin nauyin jarirai na raƙumi. Wajen rubuta lambobi ku tsaya kan ɗaya, waƙafi ko ɗigo, kwamfuta mai Faransanci tana ɗaukar 4.2 a matsayin rubutu, ko ta mayar da ita kwanan wata. Awon damtse kuma a rubuta shi da milimita yadda ya fito: mai awon da ke mayar da 114 zuwa 115 ya fitar da yaro daga sahun masu tamowa mai tsanani, kuma idan aka jera lambobin ƙarshe aka ga 0 da 5 sun fi kashi 20 nesa ba kusa ba, sai a maido masu awo a sake horar da su.