Gyaran gangar Auzinawa: ramin mariƙin Glock ba ciwo ba ne

Wani sabon yayi ya kama masu sha'awar ƙaramar bindiga, musamman a Amurka inda kasuwar kayan ƙari ta fi ci. Da mutum ya sayi Glock, tun bai harba harsashi ɗari ba, sai masu talla a intanet su taso shi gaba, wai lallai ya sayi matoshi ya rufe ramin nan da ke gindin mariƙi, bayan inda gidan harsashi ke shiga. Suna maganar ramin kamar wani aibu ne da kamfanin ya manta bai gyara ba. Wannan magana ce ta ishe ni.

Gaston Glock ya fito da Glock 17 a Ostiriya a 1982, sojojin ƙasar suka karɓe ta. Tun daga nan an sake wa bindigar fasali sau da dama. Fasali na huɗu, wato Gen4, ta zo a 2010 da bayan mariƙi mai cirewa, Gen5 ta biyo a 2017 da bakin gidan harsashi mai faɗi. Duk wannan taɓe-taɓen, ramin yana nan. Kamfanin da ya shekara fiye da 40 yana sayar wa sojoji da 'yan sanda bindiga, a ce ɗan ɓallin roba ne ya gagare shi?

Babbar hujjar masu matoshi ita ce ƙura da ɓurɓushin tufafi. To, ramin da datti ke bi ya shiga, ta nan yake bi ya fita. Bindiga ta faɗa ruwa ko yashi, ka ɗauke ta ka karkaɗe, abin da ya shiga ya zube ta ƙasa. Ka toshe gindin, ka yi wa ruwa da yashi ɗaki, su zauna kusa da kayan kunama suna jiran ranar da za su ba ka kunya. Ɓurɓushin riga kuwa, ɗan buroshi ya ishe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne babban yatsa. Duk wanda ya taɓa ganin harsashi biyu sun cushe a lokaci guda ya san yadda gidan harsashi ke kafewa. Ka danna maɓalli, ya ƙi faɗowa. A nan sai ka soka babban yatsa cikin ramin nan, sauran yatsu su kama gindin gidan ta gaba, ka fizgo shi da ƙarfi. Da matoshi a wurin, yatsan ba shi da wajen kamawa, sai lalube da farce, ga gumi a hannu. Mutum ya biya kuɗi ya sayi wannan lalube, kuma yana murna.

Akwai masu cewa matoshi na taimakawa wajen saurin sauya gidan harsashi, don gefen harsashin sama ba zai sarƙe a bakin ramin ba. Ga ɗan gasa mai ƙirga daƙiƙa da agogo, ban ja ba. Sauran jama'a kuma hannunsu ne bai faɗa ba, kuma roba ba ta koya wa hannu hanya. Su kuwa masu matoshin tagulla da ke cewa nauyinsa na rage turin harbi, su auna: Glock 17 cike da harsashi 17 ta kai kusan giram 900. Ɗan guntun ƙarfe a gindi me zai tsinana?

Sai batun inganci, wanda masu talla ba sa so a taɓo. Yawancin matosan nan ɗan haƙori gare su da ke maƙalewa a hudar igiyar rataya bindiga, wasu ma matsi kawai ke riƙe su. Na Gen3 bai cika zama daidai a Gen4 ba. Mai araha yakan saki bayan harbi da yawa, ya leƙo, ya tokare gidan harsashi, ko ya faɗi a filin atisaye ba a sani ba. An ƙara wa bindigar abin da zai iya lalacewa, an kuma rufe hudar igiya ga mai buƙatarta.

Kuɗin matoshin a sayi harsashin atisaye da shi, a koyi sauya gidan harsashi har hannu ya saba. Wanda kuma ya nace sai ya saka, to ya je fili ya harba da yawa da shi a jiki, ya gwada fizgo gidan da ya kafe, kafin ya mayar da bindigar kube.