An tsara wanda zai ci, amma ba a tsara karayar wuya ba

A gidajen kallo na Sabon Gari da Tudun Wada, da zarar an saka resilin sai gardama ta tashi. Wani ya ce duk shiri ne, wani ya rantse jinin na gaske ne. Kowa da gaskiyarsa, sai dai wannan "ai wasa ne" ta zame mana hujjar daina tausayin masu yin sa.

Tun kafin a fito, kamfanin WWE, mai shirya resilin a Amurka, ya riga ya yanke wanda zai yi nasara. Amma ƙaton da aka ɗaga aka maka da ƙasa, bayansa ne ya sha dukan. A watan Mayun 1999 ɗan resilin Owen Hart ya faɗo daga rufin zaure a Kansas City ta Amurka, tsayin kimanin mita 24, lokacin da ake sauko da shi da igiya don burge 'yan kallo. Ya mutu yana da shekara 34, kuma aka ci gaba da wasa a daren. Eddie Guerrero kuwa, a ɗakin otal aka tsinci gawarsa a 2005, zuciya ta buga yana da shekara 38.

Mafi muni shi ne na Chris Benoit, mai tsalle daga saman igiya yana saukowa da goshi. A 2007 ya kashe matarsa da ɗansa mai shekara 7, ya kashe kansa. Da likitoci suka duba ƙwaƙwalwarsa, suka tarar ta lalace sosai saboda yawan bugu. Wannan bai wanke shi ba, ko kaɗan. Amma sai 2010 kamfanin WWE ya hana maka wa mutum kujera a ka a wasanninsa.

Inda na fi ganin zalunci shi ne wajen ɗaukar aiki. Kamfanin ba ya ɗaukar 'yan wasan a matsayin ma'aikata, 'yan kwangila ne, ba su da ƙungiyar ƙwadago. Wani ɗan resilin, Jesse Ventura, ya gwada haɗa kansu a 1986, abin ya watse. Wanda ke tsoron a ba wani gurbinsa zai haɗiyi maganin kashe zafi ya shiga fage da ciwonsa.

Su kuma yaranmu a Samaru, katifa ɗaya suke shimfiɗawa a tsakar gida, babba ya haye kujera ya diro kan ƙaninsa, uwa na madafa ba ta sani ba.