Ɗan Asante ma yana da uba

A zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, za ka ji ana cewa, "Ai Asante uwa kaɗai suka sani, uba ba shi da ta cewa." Maganar nan tana damuna, domin ba haka abin yake ba.

Gaskiya ne danginsu, abusua, ta wajen uwa ake lissafa shi, kuma a al'adance yaro kawunsa yake gada. Ko sarautar Asantehene, wato babban sarkin Asante, uwar sarauta Asantehemaa ce ke fitar da wanda za a naɗa. Amma uba ne ke raɗa wa jariri suna. A wurinsu jini daga uwa yake, ruhi kuwa, wato ntoro, daga uba. Tun 1985 ma, dokar gado ta Gana ta ba matar mamaci da 'ya'yansa kaso mafi tsoka idan bai bar wasiyya ba.

Mu da muka tashi ana kiran mu "ɗan wane", dole tsarin ya zo mana baƙo. Jiya a kasuwar Kejetia na ga wani tela Ba'asante ya kama hannun ɗansa, yana nuna masa yadda ake riƙe almakashi.