Nasiha ga mai son karanta kiɗan tsirkiya a jami'a

Ƙannena, duk wanda ya yi niyyar cike takardar JAMB ta neman shiga jami'a da sunan sashen kiɗa domin ya ƙware a goge, jita ko garaya, ya fara sanin cewa takardar digiri ba ta sa yatsu su yi laushi. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, akwai irinsa a Ile-Ife, akwai makarantar kiɗa ta MUSON a Legas, a Yamai kuma akwai cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya. A irin waɗannan wurare za a koya maka karanta kiɗa a rubuce da tarihinsa da yadda ake haɗa sautuka, amma gwaninta tana can a ɗakin atisaye, inda za ka zauna kai kaɗai kana maimaita layi guda har kafaɗa ta yi tsami. Gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wato fayolin, yara da dama a Turai suna fara riƙe shi tun suna 'yan shekara 6 ko 7, don haka wanda ya fara bayan sakandare dole ya ninka ƙoƙari, ba tare da jin kunyar zama ɗan koyo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne raina kiɗan gida. Ɗalibi ya shekara huɗu yana bin kiɗan Turawa, ya fito bai taɓa riƙe gogen garinsu ba, alhali wannan ƙwaryar da aka rufe da fatar guza, aka ɗaura mata tsirkiyar izgar doki guda ɗaya, tana buƙatar kunnen da ba kowane mai digiri ke da shi ba. Ku zauna kusa da mai goge ku ga yadda yake shafa ƙaro a izga kafin ya fara, da yadda yatsunsa ke taɓa tsirkiya a gefe, babu wata alama da ke nuna masa wurin sauti sai abin da kunnensa ya riƙe. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Haruna Uji ya yi suna da gurmi, Garba Liyo da goge, Ahmadu Doka da kukuma. Masu irin wannan hannu suna ta ƙarewa, 'ya'yansu da yawa sun kama wasu sana'o'i, kuma babu wanda ya fi cancanta ya rubuta salonsu kamar ɗalibin da ya ji Hausa ya kuma iya rubutun kiɗa. Ku yi amfani da hutunku, ku je da ladabi da ɗan goro, ku nemi izini kafin ku kunna rikoda, kuma ku ambaci sunan malamin a kundin bincikenku.

Maganar abinci kuwa, kada kowa ya ruɗe ku. Da yawa daga masu wannan karatu koyarwa suke yi, saboda haka ku haɗa da takardar malanta. Ƙungiyoyin badujala na soja da 'yan sanda sun fi neman masu kayan busa da ganguna. A situdiyoyin Kano fiyano da kwamfuta suka mamaye aiki, sai dai wanda ya iya goge ko gurmi na gaske, ya kuma san yadda ake naɗar sauti, yana da abin sayarwa da na'ura ba ta iya kwaikwayonsa sosai. Gyaran kayan kiɗa da haɗa su ma sana'a ce da masu yinta suka yi ƙaranci.

Saura batun iyaye. A ƙasar Hausa an daɗe ana danganta goge da bori da gidajen shaye-shaye, malamai kuma suna da maganganu a kan kiɗan tsirkiya, don haka tsoron mahaifi yana da tushe. Kada ku canza kwas a ɓoye. Ku zauna da su, ku nuna musu darussan da za ku ɗauka da aikin da kuke hange, in ya yiwu ku tafi da kawu ko wani malami da suke jin nauyinsa, tun kafin a rufe rajista.