Ƙaramar jif ba motar daji ba ce

Mutane da dama da suka sayi ƙananan motoci masu tsayi irin su Honda HR-V ko Toyota Corolla Cross suna ɗauka cewa sun mallaki jif mai ratsa yashi da taɓo kamar Land Cruiser, kuma wannan fahimta tana jawo asara. An gina HR-V ne a kan tsarin Honda Jazz, ita kuwa Corolla Cross, wadda ta fito a 2020, asalinta Corolla ce da aka ɗaga jikinta. Land Cruiser da Hilux suna da firam na ƙarfe dabam wanda aka ɗora bodi a kansa, shi ya sa suke jure dukan hanyar karkara shekara da shekaru.

Yawancin ƙananan nan tayoyin gaba kaɗai ke jan su, don haka idan damina ta jiƙa hanyar ƙauye sai tayoyin su riƙa juyawa a wuri ɗaya suna watsa laka. Amfaninsu na gaskiya, wanda a ganina ba ƙarami ba ne, shi ne sauƙin shan mai da tsallake ramukan cikin gari. Mai son tabbatarwa kafin ya biya kuɗi ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, domin idan babu farfela, wato doguwar sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, to galibi na gaba ne kawai ke aiki.