Lambun Maigida da Ma'aikatansa Biyu

MAIGIDA: Baba, ni ba shawara na kira ku ku ba ni ba. Shaida nake so. Ku gaya wa matar nan irin da aka sayar mini na jabu ne.

BABA MAI LAMBU: To. Ina lambun?

MAIGIDA: Ai kuna tsaye a kansa.

(Baba ya ɗaga ƙafa ya duba ƙarƙashin takalminsa, ya mayar.)

UWARGIDA: Ku taka a hankali, Baba, kada ku ɓata masa lakarsa.

BABA: Me aka shuka a nan?

MAIGIDA: Tumatir. Sati uku ke nan ko leƙowa bai yi ba. A bidiyon da na kalla a waya, cikin daƙiƙa 40 ya tsiro, ya yi fure, ya nuna, har an yanka.

(Masu irin wannan bidiyo ba sa nuna wata ukun da suka datse, ba sa kuma nuna yaro ko ɗaya a kusa da shukar. Allah ya isa.)

BABA: Zurfin ramin fa?

MAIGIDA: Har wuyan hannu. Ni ba na aikin ha'inci. Na kuma daddanne da diddige.

BABA: Malam, ai binne shi ka yi. Zurfin rami ninki biyu zuwa uku ne na kaurin ƙwayar. Irin tumatir rabin santimita zuwa 1 ya ishe shi, a barbaɗa ƙasa mai laushi a kai, kwana 5 zuwa 10 ya fito. Guzirin da ke cikin ƙwayar kaɗan ne, idan hanya ta yi nisa ƙarewa yake yi kafin tsiron ya ga rana.

MAIGIDA: Saboda yaran nan na zurfafa. Kullum sai sun tone.

AUTA: Abba ne ya ce mu duba ko ya farka.

MAIGIDA: Sau ɗaya na faɗa!

YAYA: Sau ɗaya da safe, sau ɗaya da yamma.

BABA: Wa ke ban-ruwa?

MAIGIDA: Ni. Bokiti biyu safe da yamma.

YAYA: Ni ma ina zuba bayan Abba ya fita.

AUTA: Ni kuma ina yi musu wanka da sabulu.

UWARGIDA: Ni kaɗai ce ba na zubawa, ni ce kuma ake zargi da baƙin ciki.

BABA: Saiwa tana shan iska kamar yadda take shan ruwa. Ƙasa ta cika da ruwa, iska ta fita, sai saiwa ta ruɓe. Ka tura yatsa gaɓa biyu cikin ƙasa: ka ji danshi, ka ƙyale ta, ka ji ta bushe, ka ba ta sosai a gindi da sassafe. Ƙaramin tsiro kuwa yayyafi yake so, ba ambaliya ba. Ka huda murfin gorar roba da allura wuri 5 ko 6, ka ba kowane yaro gora ɗaya a rana. Ta ƙare, aiki ya tashi.

MAIGIDA: Wannan ai na sani.

(Bai sani ba.)

BABA: Waɗannan robobin fa, an huda gindinsu?

MAIGIDA: In huda sabuwar roba? Da kuɗina?

BABA: To tafki ka gina. Huda 4 ko 5 a ƙasa, faɗin fensir. Ƙasar kuma a gauraya: kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi. Tsaya, warin me nake ji?

MAIGIDA: Kashin kaji. Sabo fil, jiya aka kwashe. Ni ba na ba shukata tsohon abu.

BABA: Shi ya ƙone bakin ganyen latas ɗin can. Ɗanyen kashin kaji zafi gare shi. Ana tara shi da busasshen ganye, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, wata 3 zuwa 6, sai ya yi baƙi warin ya tafi. Ga shi kuma yara na wasa da shi, hannu na komawa baki.

UWARGIDA: Na faɗa, aka ce mini ban kalli bidiyon ba.

MAIGIDA: A bar wannan. Baba, ku zo ku ga abin da hannuna ya yi.

(Ya ja su zuwa kusurwa. Wata shuka ce kore shar, ta kai gwiwa, an kafa mata sanda, an ɗaure ta da zare, an rataya mata kwali an rubuta KARAS da manyan baƙaƙe.)

MAIGIDA: Ku faɗi gaskiya, a shekarunku kun taɓa ganin karas mai wannan ƙiba?

BABA: Ban taɓa ba. Ciyawa ce.

MAIGIDA: Sabon samfuri ne.

BABA: Ciyawa ce, Malam. Shekara da shekaru ina cire ta.

MAIGIDA: Ta waje ce, shi ya sa ba ku gane ta ba.

YAYA: Abba ya ce mu cire duk mai siririn ganye, mu bar mai ƙarfi.

BABA: Mai siririn ganyen shi ne karas ɗin. Yana ɗaukar sati 2 zuwa 3 kafin ya fito, ganyensa biyu na farko sirara ne, ciyawa kuwa ta riga shi. Shi ya sa ake shuka shi a layi, a ja zare, duk abin da ya fito gefen zare a san baƙo ne. Ba a kuma yi masa dashe, saiwar karkacewa take yi ko ta rabu biyu. Ragewa ake yi, santimita 5 tsakanin kowanne.

MAIGIDA: Duk da haka ba za a cire ta ba. Na saba da ita.

BABA: Wancan tumatir na bayan ƙofa, mai dogon wuya fa?

MAIGIDA: Sayo shi na yi da girmansa. Na sa shi a inuwa kada rana ta wahalar da shi.

BABA: Rana yake nema, shi ya sa ya miƙe ya rame. Awa 6 zuwa 8 yake so a yini. Ina furensa?

AUTA: Na tsinke wa Umma. Masu ruwan ɗorawa.

UWARGIDA: Ita ce kyautar farko da lambun nan ya ba ni.

BABA: Kowane fure tumatir guda ne, Auta. Malam, ka yanka musu nasu fangalin, kamu biyu kowane gefe, su tona, su jiƙa, su yi abin da suka ga dama. Ka ba su iri mai girma da yatsunsu za su iya riƙewa, kamar wake, sati guda ya fito kafin haƙurinsu ya ƙare. Wancan kuma na cikin gorar lemo mene ne?

MAIGIDA: Maganin ƙwari.

BABA: Wannan babu wasa a cikinsa. Ya koma mazubinsa na asali, a kulle shi yau. Bokitin ruwa ma a kife shi bayan an gama, mai rarrafe yana iya faɗawa da ka.

(Nan Maigida bai ce ya sani ba. Uwargida ta ɗauke gorar.)

BABA: A'a, ga abin kirki a kan katanga! Wa ya shuka waken nan a gwangwani?

AUTA: Ni ce. Na manta da shi.

BABA: Tsatsa ta huda gindin, rana na samunsa, ba wanda ya dame shi da bokiti. Har ya fara huda.

MAIGIDA: Ƙarƙashin kulawata aka yi. Yaya, ciro kwalin can ka kawo, a juya bayansa a rubuta sunana.

YAYA: Abba, in an cire kwalin, karas ɗinka fa?

MAIGIDA: A bar mata sandar.